Ƙofar da Saje Bawa Ya Rufe

Zuru, 9 ga Yuli, 2007

Ƙanena Dominic,

Samarin golmo ba su zo gonar Baba Sila ba ranar Asabar. An dama kunu, an dafa wake, an jira su har rana ta take. Daga baya Mama Monica ta aiko daga Dabai cewa ɗanta Solomon da abokansa ba za su zo maimai ba sai ta yi nazari.

Bayan haka ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da aiki. Mu nan lafiya, sai ƙafar Baba Sila da ke tashi duk damina. Na rubuto ne don ba ka ɗaukar waya, kuma na fi son abin da zan faɗa ya zauna a takarda. Lawwali direba zai kawo maka.

Ka daɗe a Kaduna, bari in tuna maka yadda golmo yake a gida. Saurayin da ke neman aure yana kawo abokansa su yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru. Solomon ya yi nasa saboda Gladys, autar Baba Sila, ba fashi. Wannan ce daminar ƙarshe, an sa biki bayan girbi. Idan samari suka ƙi zuwa gona, kowa ya san maganar aure ce ta girgiza. Gladys ba ta fita tun ranar.

Dalili shi ne wasanka na talabijin, Irin Ƙarshe. Tasharku ba ta kamawa a nan, amma wani soja a barikin Kaduna yana naɗa mana a kaset, Justice kuma yana nunawa a gidan kallonsa na bakin tasha. Ina cikin waɗanda ba su taɓa rasa kashi ɗaya ba, kuma ban ɓoye maka ba cewa zangon farko ya burge ni. Duniya ta bushe, an zuba sauran irin dawa da gero a jirgin sama jannati mai suna Rumbu, ana neman wata duniyar da za a shuka. Manomi ya ga wannan ya gane. Kuma kowa a Zuru ya gane Saje Bawa, tsohon sojan da ke gadin ɗakin iri. Yana ɗingisa ƙafar hagu. Yana kiran kowa kurtu, har kyaftin. Yana cire takalmi kafin ya shiga ɗakin shuka. Mutum ɗaya ne a garin nan yake yin waɗannan ukun, kuma a gidansa ka zauna lokacin da kake sakandare. Justice har kujera ya ajiye masa a gaba.

Sai kashi na takwas na zango na biyu. Jirgi ya sauka a jar duniya, ana ruwan duwatsu, Kofur Nomau yana waje yana gyara. Saje Bawa ya dube shi ta taga, ya danna maɓalli, ƙofa ta rufe, jirgi ya tashi. Ya koma ya zauna ya ci tuwonsa.

A matsayin mai kallo, ga abin da na gani. Babu inda ka shirya wannan. Mutumin da ya hana kansa ruwa a zangon farko don tsiro ɗaya ya rayu, mutumin da ya ce da bakinsa shi da Nomau a kunya ɗaya suka yi golmo, ba ya wayi gari ya bar shi a waje ba gaira ba dalili. Idan tsoro ne, nuna mana tsoron. Idan tsohuwar gaba ce, ina ta ɓuya duk wannan lokaci? Ba ka juya halinsa ba, ka cire shi ne ka sa wani cikin kakinsa.

A matsayin 'yar gida, ga sauran. Kofur Dawuda, mijin Mama Monica, uban Solomon, tare suka tafi Laberiya da Baba Sila. Ɗaya ya dawo, ɗaya ko gawarsa ba a gani ba. An yi ƙananan maganganu a lokacin, suka kwanta. Kai ka tashe su. Da aka nuna wurin, kowa a ɗakin kallo ya juya yana duban kujerar gaba. Baba Sila ya miƙe ya ce wa na kusa da shi, "Kurtu, ba ni hanya." Washegari 'yan kabu-kabu suka tare Gladys a kasuwa: "Ɗiyar Saje, a rufe ƙofa ko a jira ki?"

Ina son amsa biyu. Me ya sa ya rufe ƙofar? Kuma me za ka yi a kai?

Yayarka,
Keziah

*

Kaduna, 28 ga Yuli, 2007

Yaya Keziah,

Na samu takardarki. Ina lafiya, sai mura da yawan aiki. Ki gaishe da Baba Sila da ƙafa, idan zai amsa.

Na ga har yanzu hannunki na jarida bai mutu ba, ko da yake kin koma koyarwa. Kin jera laifina kamar rahoton kotu. To bari in ba ki abin da ba a gani daga bencin Justice.

Yaron da ke fitowa a Nomau ya samu aikin banki a Legas. Ranar Laraba ya gaya mana, ranar Lahadi ya hau mota. Darakta ya ce in fitar da shi daga labari kafin ya tafi, kuma kada ya mutu mutuwar banza, a yi abin da zai sa mutane su yi magana. Ga shi kuna magana. Mu uku ne muke rubutu a ɗaki ɗaya da fanka ɗaya, ana ɗaukar kashi wata biyu kafin a nuna shi. Ke kina da mako guda ki zauna ki auna halin mutum. Ni ina da yini.

Saje Bawa ba Baba Sila ba ne. Na ɗauki tafiyarsa da kalmarsa, gaskiya ne, kamar yadda na ɗauki dariyar wani malaminmu na ba kyaftin. Kuma ke kika rubuto mini bara cewa Baba Sila ya ga kansa ya yi dariya har da hawaye, kika ce in ci gaba. Takardar tana nan. Lokacin da ake tafa masa, nasa ne. Da ya yi abin kunya, ya zama nawa.

Maganar Laberiya kuwa, na ji ta yadda yara ke jin magana ta bayan danga. Ba ta zo mini a rai ba sa'ad da nake rubutu. Ki yarda ko kada ki yarda. Idan mutanen Dabai ba su iya raba wasa da gaskiya ba, makaranta ya kamata a gina musu, ba ni za a tuhuma ba.

Sannan kun yanke hukunci ba ku ga kashi na tara ba. Na bincika, an ɗauke wuta a bariki ranar, sojanku bai naɗa ba, ya tsallake zuwa na goma. A na tara likitan jirgi ya gano wani ƙwaro na jar duniya ya shiga kunnen Saje ya zauna a ƙwaƙwalwarsa. Ƙwaron ne ya rufe ƙofa, ba shi ba. Ga kaset ɗin nan na ba Lawwali. A kai Dabai a nuna wa Mama Monica, a ce mata marubucin ya ce a koma gona.

Naki,
Dominic

*

Zuru, 13 ga Agusta, 2007

Dominic,

Gaisuwa, da fatan mura ta sake ka. Ƙafar Baba Sila da sauƙi. Shi da kansa ya yi maimai da 'yan gida, sun yi abin da suka iya, ciyawa ta ci gefen gabas.

An nuna kashi na tara. Na yi kuskure ɗaya: na bar Justice ya nuna shi kafin in kalla ni kaɗai. Da na fara gani, da na riƙe shi a akwati.

Ka san inda ka aiko da labarin mutumin da wani abu ya shiga kansa ya juya shi? Kai a Kaduna ka rubuta ƙwaro. A nan ba wanda ya ga ƙwaro. Da aka kai wurin da Saje ke birgima idanunsa sun juye, wata tsohuwa daga baya ta ce, "To, ashe iska ce." Wani ya amsa mata, "Yaron da ya rubuta a gidan ya tashi, ya san abin da ya gani." Kafin ranar kasuwa magana ta kai Bena, ta dawo da ƙari. Da, ana cewa Baba Sila ya bar abokinsa. Yanzu ana cewa akwai taɓin hankali a gidan, kuma irin wannan yana bin jini. Na je Dabai da kaina. Mama Monica ta ba ni ruwa, ta tambayi yara, sannan ta ce, "Keziah, na farkon ni kaɗai ya shafa, zan iya haɗiyewa. Na biyun jikokina ne."

Solomon ya raka ni bakin hanya. Ya ce shi bai fasa ba, amma ba zai ɗauki fartanya ya wuce ta gaban uwarsa tana kallo ba. Abokansa kuma ba za su je ba sai ya je.

Yanzu in koma kan aikinka, tunda ka ce daga benci nake magana. Kashi na tara ya fi na takwas muni. A na takwas ka ba mu mutum ya yi mugun abu ba dalili. A na tara ka ce ba mutum ba ne ma. Ka ƙwace masa laifin, ka ƙwace masa zaɓin, ka bar mana kaki da ɗingishi. Likita ya sa hantsaki ya zare ƙwaro, aka yi dariya, a kashi na goma Saje yana ba'a da mai dafa abinci. Matar Nomau tana cikin jirgin nan, kai ka sa ta a ciki tun kashi na biyu. Ta wuce shi a hanya ba wanda ya dubi wani. A wace duniya ake haka? Ko a jar duniyar taka ban yarda ba.

Uzurin ɗan bankin na karɓa. Na yi aiki da agogo a kaina, na san yadda ake cike gurbi da gaggawa. Amma gaggawa ba ta zaɓa maka wanda zai danna maɓalli ba. Mutum tara ne a jirgin. Hannunka ya je kan wanda ake raɗe-raɗi a kansa tun kana yaro. Ka ce bai zo maka a rai ba. Ni na fi zaton ya zo, ba ka tsaya ka tambayi daga ina ya fito ba. Kuma "ci gaba" da na rubuta bara, da halin mutumin nake nufi, ba wasa da sunan Baba Sila ba.

Abin da aka tabbatar game da Laberiya kaɗan ne. Sun tafi tare. An kai musu hari a wata gada. Baba Sila ya dawo da harsashi a ƙafa da hular Dawuda, ya miƙa wa Mama Monica a bakin ƙofa, bai shiga ba. Daga ranar bai sake taka gidan ba, komai ta hannun 'yan aike ake yi, har maganar auren nan. Bai taɓa ba ta labarin ba, ita ba ta taɓa tambaya ba. Abin da ya wuce wannan ban sani ba, kai ma ba ka sani ba.

Saboda haka ba na roƙon ka wanke kowa. Kada ka kawo wani ƙwaron, ko mafarki, ko tagwayen Saje. Ka mayar masa da hankalinsa da nauyinsa. Mutumin da ka gina a zangon farko, ko ƙwaro ne ya danna, ya san yatsansa ne. Ka tambayi kanka ina ƙafarsa za ta kai shi. Na rubuta cikakken sharhi a kan zangon nan, shafi huɗu, don kaina. Idan kana so in aiko maka.

Baba Sila ya ce in gaya maka kalma ɗaya. Na ce wace ce. Ya ce, "Bar shi."

Keziah

*

Zuru, 17 ga Satumba, 2007

Dominic,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Wata guda ke nan ba amsa. Ko ba ka samu takardata ba, ko ka samu. Dawa ta fara ciki. Samari ba su zo huɗa ba. Gladys ta ce za ta tafi wurin yayarta a Kanya idan an gama girbi, kuma ba ta ce za ta dawo ba. Telan da aka ba ɗinkin biki ya aiko yana tambaya ko ya yanka yadin. An ce ya dakata.

Keziah

*

Kaduna, 6 ga Oktoba, 2007

Yaya Keziah,

Ina lafiya. Takardunki biyu rana ɗaya suka zo. Motar Lawwali ta daɗe a gareji a Kontagora, ta farkon tana cikin aljihun gaban mota, sai da ya zo ajiye ta biyu ya gan ta. Duk da mai a jiki.

Na ga barazanarki. Shafi huɗu. Ki aika wa tsofaffin abokan aikinki su buga, sai dai ki rubuta sunana daidai. Ba ke ce ta farko ba. Muna samun takardu daga Funtuwa har Yawuri, kowa ya fi mu sanin abin da Saje zai yi. Wani ya ce mu ba shi bindiga mai wuta. Wata ta ce ya auri kyaftin.

Kin ce hannuna ya je inda ya je da sani. Na kwana da wannan magana, ban gode miki ba. Na ci tuwon gidan nan shekara uku. Shi ya raka ni tasha ranar da zan zo Kaduna, da ƙafar nan tasa. Kina ganin na manta?

An gama ɗaukar kashi na ƙarshe tun kafin takardarki ta fito daga motar Lawwali, don haka kada ki ɗauka shawararki ce. Darakta ya so a ƙare da yaƙi da halittun jar duniya. Mun yi faɗa, na ce ko a yi nawa ko in ajiye aiki, aka raba: ya samu yaƙinsa, na samu minti biyar na ƙarshe. Ba na cikin masu rubuta zango na uku. Za a nuna a farkon Nuwamba. Zan aiko da kaset daga ofis, ba sai kun jira sojanku ba. Ki kalla ke kaɗai tukuna, tunda kin koyi darasi. Idan bai yi miki ba ki jefa a rijiya.

Dominic

*

Zuru, 19 ga Nuwamba, 2007

Dominic,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Kaset ya iso, na kalla ni kaɗai, sannan na ba Justice.

Sharhin ba barazana ba ne. Na ce don kaina na rubuta, ka sake karantawa. Yana nan a akwati, kuma yanzu ya zama shafi biyar.

Yaƙin darakta shirme ne. Halittun nan ana ganin zip a bayansu, hayaƙi ya rufe rabin fuskoki, kyaftin ta yi jawabin da ba wanda zai yi ana harbinsa. Ƙwaron ma ba ka janye shi ba, kuma har gobe ina cewa kuskure ne. Amma minti biyar ɗin na gani. Saje ya bi dogon lungun jirgi da ɗingishinsa, ya tsaya a ƙofar matar Nomau, ya sunkuya ya kwance takalmi kamar zai shiga ɗakin iri. Ta buɗe. Ya ce, "Likita ya ce ƙwaro ne. Ni dai na san yatsana. Na zo ki tambaye ni." Ta matsa gefe, ya shiga, aka sa sunayen 'yan wasa. Ba ka nuna abin da ya faɗa mata ba. Wannan ne karo na farko a zangon nan da ka san inda iliminka ya tsaya. Ko kafin takardata ka rubuta ko bayanta, ban damu ba.

Ban yi zaton Baba Sila zai je ba. Ya je. Bai karɓi kujerar gaba ba, ya tsaya a bakin ƙofa. Da aka gama wani ɗan kabu-kabu ya ce, "To me ya ce mata? An cuce mu." Baba Sila ya ce, "Kurtu, ba kai ya je gani ba." Aka yi dariya, wannan karon ba shi ake yi wa ba.

Ranar Alhamis da safe ya sa wankakkiyar riga ya ce in samo masa babur zuwa Dabai. Na bi shi a wani. A ƙofar Mama Monica ya zauna a kan dutse ya cire takalmi, da kyar, saboda ƙafar. Ta fito ta same shi a haka. Ta ce, "Sila, ka yi ɓatan hanya ne?" Ya ce, "Na daɗe da yi." Ta ɗaga labule. Ni da Solomon muka zauna a waje muna ɓare gyaɗa har inuwa ta juya. Ba mu ji komai ba, sai sau ɗaya muryarta ta tashi sannan ta sauka. Da ya fito idanunsa ja, ita ba ta rako shi ba. A hanya ban tambaye shi komai ba. Don haka kada ka tambaye ni.

Na gaya masa ka bar aikin. Ya ce wannan ruwanka ne. Na tambaya ko za ka iya zuwa Kirsimeti. Ya ce bana a'a. Ina ganin ka bi wannan. Gladys ba ta son jin sunanka, kuma ban ga laifinta ba. Kayanta na Kanya suna ɗaure a ɗaki, ba ta kwance ba, ba ta kuma tafi ba.

Dawa ta nuna. Ranar Asabar za a fara girbi, an ce a dama kunu da yawa ko da za a zubar. Lawwali ya ce jiya ya ga Solomon da samari biyar a wurin maƙeri suna wasa magirbi. Dabai ma suna da dawarsu. Har zuwa lokacin da nake rufe wannan takarda, Mama Monica ba ta aiko da saƙo ba.

Keziah